Jirgin Kafanchan a Karantina

Abin da ya fara yi mini maraba a Jidda waƙar babana ce, kuma daga rediyon wani direba ɗan Bangaladash ta fito. Mun fito daga filin jirgi mu mata da yawa, kowacce da jakarta da abayar da ta saya a gaggauce, aka loda mu a wata farar bas ta kamfani. Direban yana tada mota ganguna suka cika ta, ga wani matashi ɗan Legas a rediyon yana ta kiran "Kafanchan, Kafanchan" da sauri sai ka ce korarsa ake yi. Direban yana kaɗa kai yana dukan sitiyari. Bai san Kafanchan gari ba ne, balle ya san akwai tashar jirgin ƙasa a can. Na jingina goshi da gilashi ina kallon dabinai suna wucewa cikin wani farin hazo mai ɗanɗanon gishiri, na ce a raina, Baba, ta riga ni isowa.

Bari in ɗan koma baya saboda wanda bai san mu ba. Sunana Zuwaira, 'yar Gangare ce ni a Jos. Babana Sale, kafin a haife ni, makaɗin jita ne a wata ƙungiya da ke wasa a otal-otal lokacin da kuza take da daraja. Kiɗan da suke yi shi ake kira sol, na baƙaƙen Amurka, mai tafiya a hankali, su kuma suka sa masa Hausa. Faifai ɗaya tak suka taɓa bugawa, "Jirgin Kafanchan", waƙar wata mace da ta raka mutum tasha ta kasa komawa gida. Wata Larai ce ta rera. Faifan bai yi kasuwa ba, ƙungiyar ta watse, Larai ta yi aure ta bi mijinta Saudiyya, Baba ya sayar da jitarsa ya buɗe shagon gyaran rediyo. Faifan da ya rage a gidanmu kuwa, yayata Maryam ta bar shi a rana tun ina rarrafe, ya lanƙwashe. Don haka ni ban taɓa jin ta asali ba.

Sai da muka girma wani matashi ya tsinci faifan a wurin 'yan gwanjo, ya sake rera waƙar, ya ƙara mata gudu, ya cika ta da ganguna. Ta kama gari. Biki, shagon cajin waya, keke mai ƙafa uku, ko'ina ita ce. Ni ma na taka ta a bikin ƙawaye har ɗankwalina ya faɗi. Ranar da Baba ya fara jin ta daga shagon maƙwabcinsa, ya ajiye sukudireba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba haka take ba." Da na matsa masa sai ya ƙara da cewa, "Larai da kullum a makare take shigowa baitin ƙarshe, ina za ta kai wannan gudun?" Daga nan bai sake cewa komai a kanta ba.

Bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Magana ta yi masa nauyi, sai dai ya wuni a tabarma yana wani gunguni: ɗan sauti kaɗan, sai shiru mai tsawo, sai wani ɗan sautin, sai shiru. Mun ɗauka ciwon ne ya yayyanka masa waƙar gunduwa-gunduwa. Maryam takan kunna masa sabuwar a waya wai don ta tuna masa sauran, shi kuma ya juya fuska bango. Da ya ji zan tafi Jidda aiki, ya kama hannuna da hannunsa na hagu mai lafiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata. Larai. Ta rera mini, sau ɗaya." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa marar lafiya. A tunanina Jidda kamar kasuwar Taminus take, in ka tambayi mutum biyu na uku zai nuna maka.

Zangona na farko shi ne gane cewa an yi mini wayo. Wakilin da ya yi mini takardu ya ce shagon ɗinkin abaya zan yi aiki a Bagdadiyya, har ya nuna mini hoton keken ɗinkin da zan zauna a kai. Na ga allon Bagdadiyya kuwa da idona, bas ɗin ta wuce shi ba ta ko rage gudu ba. Muka yi ta yin kudu har gidaje suka ƙare, ɗakunan ajiya suka fara, muka shiga unguwar masana'antu, wadda kowa a can yake kira Sina'iyya. Inda aka sauke mu wani gidan wanki ne da ke wanke zannuwan gadon otal-otal. Aka ce iƙamarmu, wato takardar izinin zama, tana hannun kafili, wanda ya ɗauki nauyin zuwanmu, za ta fito in Allah ya so. Na yi kuka a ranar, na zagi wakilin da iyayensa a zuci, washegari na tashi na kama ninke zanin gado.

Zafin wurin ba ya faɗuwa. Ni da na tashi a garin da ake neman bargo a watan Yuli, sai ga ni tsakanin tukwanen ƙarfe masu fitar da tururi. Amma tururin ne ya riƙa cetona. In ya taso ya rufe mu, sai in daina ganin bango, in ga kamar hazon safe ne yake saukowa daga duwatsun Shere, har in ji ƙanshin gasasshiyar masara a bakin titi. Hannuna yana ninki, ni ina can ina tafiya makaranta da rigar sanyi. Akwai wata 'yar Filifin a gefena da ke son waƙar nan, tana rera ta da baki tana karkaɗa kafaɗa. Sau ɗaya na ce mata babana ne ya kaɗa ta asali. Ta yi dariya ta ce ita ma babanta shugaban ƙasa ne.

Wata rana jiri ya ɗebe ni a bakin injin guga. Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyar wata dattijuwa mai tsage a kumatu, tana ɗura mini zoɓo mai sanyi da ɗan gishiri.

"Sannu, ya binti, 'yata," ta ce. "A garin nan ba don ƙishi ake shan ruwa ba, don kada a faɗi ake sha."

Ita ce Khala Hawwa, shugabar masu ninki, khala kuwa inna ke nan da Larabci. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gari. Hausarta irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye, sai kuma ta tsoma Larabci a tsakiya ba ta ko lura ba. Tun daga ranar ta ɗauke ni 'ya. Ita ta koya mini in sa jiƙaƙƙen tawul a wuya, ita ce kuma ta fara jin maganar Larai.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Larai wacce? Ya binti, nan ba a kiran mace da sunanta. Da sunan ɗanta ake kiranta. Ummu wane, Ummu wane. Matar da ta shekara da shekaru a nan, ko ita sai ta yi tunani kafin ta tuna sunan da uwarta ta raɗa mata."

Duk da haka ta riƙa tafiya da ni Karantina duk Juma'a, ranar hutunmu, don a can take zaune. Karantina unguwar mutanenmu ce a kudancin gari, lunguna ƙanana, wayoyin wuta a sarƙe, ƙanshin daddawa da turaren wuta a haɗe. A can na ci tuwon farko tun isowata, na ci ina hawaye, mai tuwon ta ɗauka yajinta ne ya yi yawa. Na tambayi masu awara, na tambayi masu goro, na tambayi tsofaffin da ke zama a bakin masallaci. Wata mata ta yi ta yawo da ni wuni guda, ta ci abincin rana a kaina, a ƙarshe ta kai ni wurin wata Larai 'yar Damagaram da ba ta taɓa taka Jos ba. A lokacin an riga an fara rubuta wata kalma da jan fenti a bangon gidaje. Khala Hawwa ta ce ma'anarta a tashi, za a rushe unguwar. Na ce a raina, in aka watsa mutanen nan, ko wa zan tambaya kuma?

Duk kiran da na yi gida, Maryam takan kai wayar kusa da fuskar Baba. Ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ba ya tambaya da baki, gira kawai yake ɗagawa. Ni kuma in ce, "Ina nema, Baba." Har kalmar ta fara ba ni kunya.

Khala Hawwa tana da wata sana'ar a gefe, zuba gahwa a bukukuwan mata. Ranar da ɗaya daga cikin 'yan aikinta ta kwanta rashin lafiya sai ta ce in zo. A mota ta koya mini: butar gahwa a hagu, ƙananan kofunan da suke kira finjal a dama, kada ki cika, kada ki zauna, in baƙuwa ta girgiza kofi ta ƙoshi ke nan. Wunin biki ne na wasu Hausawan da aka haifa a can, a wani gidan taro da ake haya, aka fara bayan la'asar. A bakin ƙofa wata mata mai ƙaton jiki ta tare ni ta miƙo hannu.

"Jawwal," ta ce.

Na dubi Khala Hawwa. Ta ce, "Ba ta wayarki. A ciki mata suke cire abaya su yi rawa, ba a yarda kowa ya shiga da abin ɗaukar hoto ba. Ko uwar amarya a nan take barin tata. Yalla, mu je."

Na bayar, na shiga. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Matan da nake gani a titi baƙi wuluk daga sama har ƙasa, ga su nan cikin shuɗi da ja da ruwan gwal, gashi a sake, hayaƙin turare yana yawo a tsakaninsu. A gefe guda wata budurwa da kwamfuta tana sa kiɗa. A ɗaya gefen tsofaffin mata huɗu ko biyar a zaune da faffaɗan ganguna masu fuska ɗaya, su ne makaɗan bikin mata, in budurwar ta huta su karɓa. Ina cikin zagayawa da buta sai ga ta, Jirgin Kafanchan. Wurin ya tashi gaba ɗaya. 'Yan matan da ba sa iya haɗa jimla guda da Hausa suna rera ta baiti-baiti, kakanni suna ɗaga hannu daga kujera, tsofaffin makaɗan ma suka ɗora gangunansu a kai. Na tsaya a tsakiya da buta a hannu, alfahari ya kama ni, baƙin ciki ma ya kama ni, ban san wanda zan bi ba.

Kiran magariba ya katse kiɗan. Mata suka watse neman wurin alwala, ni kuma na zagaya ɗakin baya in ƙaro gahwa. A nan na tarar da ɗaya daga cikin tsofaffin makaɗan zaune a ƙasa ita kaɗai, 'yar siririya mai farin gashi a goshi. Tana juya gangarta a saman kaskon turare don fatar ta ɗame. Tana kuma waƙa ƙasa-ƙasa, ba don kowa ba.

"Jirgi ya tashi, hayaƙi ya kwanta."

Sai ta yi shiru. Ta ci gaba da juya ganga. Shirun ya yi tsawo har na ɗauka ta gama.

"Ni ban tashi ba."

Ta sake yin shiru. Kalmomin na san su, su ne aka gama ihunsu yanzu a falo. Amma a bakinta tafiya suke a hankali, kowacce sai ta zauna kafin ta gaba ta zo. A cikin shirun nan nata na biyu ne na ji wani abu yana motsi a kaina: gungunin Baba. Ɗan sautin nan da yake yi a tabarma ya zo ya shige cikin shirunta daidai, bai rage ba, bai yi saura ba. Inda ta buɗe baki, nan Baba yake yin shiru. Ashe ba ciwo ba ne ya yanke masa waƙa. Nasa rabin yake kaɗawa, yana jiran mai ɗaya rabin ta shigo, mu kuwa muna ta kunna masa ganguna a kunne.

Na kai hannu aljihu. Wayar tana bakin ƙofa a jakar matar nan. Ba ni da abin ɗauka, ba ni da shaida, ga tsohuwa tana shirin tashi salla. Da ta kai shiru na gaba sai kawai na buɗe hanci na yi gungunin Baba.

Gangar ta tsaya a hannunta. Ba ta juyo da sauri ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ni 'yar Sale ce, Hajja. Daga Jos."

Ta dube ni tun daga ƙafa har kai. "Goshin nasa ne," ta ce. Sannan a hankali, "Yana raye?"

Ummu Yasir ake kiranta. Khala Hawwa ta san ta tun kafin a haife ni, lungu biyu ne tsakanin gidajensu, amma ba ta taɓa jin an ce mata Larai ba.

Juma'ar da ta biyo na je gidanta a Karantina da waya cike da caji, ina ta murna. Jan rubutun yana bangonta. Ta ba ni shayi da dabino, ta tambayi Jos unguwa-unguwa, ta tambayi ko har yanzu ƙanƙara tana sauka da ruwan farko. Na gaya mata halin da Baba yake ciki da abin da ya roƙa. Na ce ba sai ta yi magana da shi ba, ta rera kawai in ɗauka in aika.

Ta ajiye kofinta. "Ba zai yiwu ba, 'yata."

Ta ce da Alhaji ya aure ta ya kawo ta nan, bai taɓa goranta mata otal ba, bai taɓa hana ta komai ba. Ita da kanta, a umararsu ta farko, ta yi masa alkawari cewa wani namiji ba zai ƙara jin muryarta a waƙa ba. Shi ya sa da ya rasu, ta shiga kiɗan bikin mata, inda ake karɓe waya a ƙofa. "Wanda zai ce ya yafe mini alkawarin yana ƙasa," ta ce. "Babanki kuwa namiji ne, ko yana kwance ko yana tsaye."

Raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya ɓoye ɓacin rai. Na ce, "Hajja, duniya gaba ɗaya tana jin waƙarki. Direbobin Bangaladash suna jin ta. Sai mutum ɗaya da ya kaɗa miki ita ne ba zai ji ba?"

"Waƙata suke ji," ta ce, "ba muryata ba. Halas, magana ta ƙare."

Na tashi ban ƙarasa shayin ba. Mako guda ina ninke zanin gado kamar da su muke faɗa. Khala Hawwa ta bar ni na gama hucina, ranar Alhamis ta ce, "Ummu Yasir ta ce ki zo gobe. Ki je, kada ki yi mata taurin kan mutanen dutse."

Da na je, tun a ƙofa ta miƙo mini wani kwanon sha ta ce in saka waya, ta kai shi kicin ta rufe. Ta dawo ta zauna ta nuna mini gefenta.

"Ke ba ki da baki ne?"

Na yi dariya. Na gaya mata a Islamiyya in za a yi waƙar Maulidi layin baya malam yake kai ni, ya ce in riƙa motsa leɓe kawai. Ta ce ba murya Sale yake nema ba, ta san shi. Ta ɗora tafinta a gwiwata ta ce in ta danna in yi shiru, in ta saki in shigo.

Haka muka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a. Kalmomin ba su ba ni wahala ba, shirun ne ya gagare ni. Da na rufe baki sai in ji kunya ta kama ni, in ji kamar na manta ne, sai in yi wuf in faɗa baiti na gaba. Ita kuma ta matse mini gwiwa. "Ina za ki? Wa ya biyo ki? Nan ba wurinki ba ne, na Sale ne. Ki bar masa kayansa." Ta ce haka suka gina waƙar tun farko: ita ce matar da ke tsaye a tasha, jitar kuma ita ce jirgin da ke amsa mata yana nisa. Yaran da suka sake ta sun ji wurin a buɗe suka ɗauka rami ne, suka cike shi da ganguna. Ba ta jin haushinsu. Ta ce waƙar tana ciyar da ita a sabuwar rigarta, jikokinta ma suna rawarta a falo ba su san komai ba, wani lokaci har su ce, Sitti, taso mu koya miki.

Muna yi ana kwashe unguwar. Kowane mako sai in tarar wani lungun ya zama fili, katafila tana ƙara matsowa, ƙura tana shigowa ta taga ta kwanta a kan shayinmu. Amma in ta lumshe ido ta fara, sai ɗakin ya yi nisa da duk wannan. Na sha ganin tashar a gabana, da benci mai sanyi, da mai sayar da rake, da wata mace da mayafi a kafaɗa tana kallon inda hayaƙi ya bi. Ban taɓa zuwa Kafanchan ba, amma na san inda agogon tashar yake rataye.

Sai Maryam ta aiko mini da saƙon murya. Ta ce Baba ya daina karɓar kunu, gungunin ma ya daina. "Zuwaira, in akwai abin da za ki yi, ki yi shi yanzu."

Juma'ar nan na tarar da ɗakin Hajja babu komai sai tabarma da ƙullin kaya da gangarta a jingine. Ɗanta Yasir zai zo da mota bayan la'asar ya kai ta gidansa can arewacin gari. Na ce mata ban iya ba tukuna, baitin ƙarshe har yanzu yana kufce mini. Ta ce, "Ba a gama iyawa. Ɗauko jawwal ɗinki." Ta zauna a gefena inda wayar ba za ta gan ta ba, ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta ɗora hannu a gwiwata. Alkawarinta ya hana a ji ta, bai hana ta ji ba.

Na kira gida, Maryam ta ɗauka. Baba yana tsakar gida a rana, an lulluɓe shi da bargon nan mai zanen damisa. Ya ɗaga gira.

"Baba, ban samo maka muryarta ba," na ce. "Amma ka saurara."

Hannun ya saki gwiwata. Na fara, da muryar nan tawa ta layin baya. Jirgi ya tashi, hayaƙi ya kwanta. Hannun ya danna, na yi shiru.

Babu abin da ya zo. Ina jin kazar maƙwabta a Gangare, ina jin katafila a Karantina. Baba yana kallona kawai. Zuciyata ta ce ki ci gaba, kin ba da kunya, ki cike wurin. Yatsun Hajja suka nutse a gwiwata har na ji zafi. Sai can ƙasa, daga cikin bargon, ɗan sautin ya fito. Ya hau, ya sauko, ya tsaya daidai inda hannun ya sake ni.

Ni ban tashi ba.

Ya amsa. Muka tafi haka, ni in faɗa, shi ya amsa. Na ga hannunsa na hagu ya lalubo wuyan hannun Maryam ya riƙe, yatsunsa suna dannawa suna sakewa kamar a wuyan jita. Maryam tana kuka. Da muka kai baitin ƙarshe na ja numfashi zan shigo inda muka saba, amma hannun bai sake ni ba. Ya riƙe ni kaɗan, ɗan kaɗan, har sautin Baba ya mutu ya bar wurin fayau, sannan ya saki. Na shigo a makare, na kai ta ƙarshe.

Rabin bakin Baba mai lafiya ya ɗaga. Dariya yake yi, rabona da ganin haka tun kafin ciwon.

"Uwata," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Wannan makarar ba taki ba ce." Ya huta. "Ki gaishe ta."

Na dubi gefena. Hajja ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna girgiza, hawaye yana bin tsakanin yatsunta, amma ko tari ba ta bari ya fita ba. Ta miƙa hannu ta jawo gangar, ta buga ta sau ɗaya da tafin hannu, a hankali.

Baba ya lumshe ido. "Na ji," ya ce.

Maryam ta ce a ranar ya sha kunu. Bai kai damina ba. Ina bakin injin guga aka kira ni, Khala Hawwa ta riƙe ni kamar ranar farko. Karantina yanzu fili ce, na bi ta wurin sau ɗaya na kasa gane inda ƙofar Hajja take. Ina nan Jidda har yau, iƙama ta fito, ina wanki da rana, ina zuba gahwa in an samu biki. Waƙar ba ta tsufa ba, kusan kowane biki sai an sa ta, mata su tashi da gwal ɗinsu su cika fili. Ni ina zagayawa da buta. Sai dai in aka zo baitin ƙarshe hannuna yakan ɗan dakata a sama, har mai kofin ta ɗago ta dube ni, sannan in zuba mata.